Littafin Furera a Gaban Kwamitin Awaki

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban huce ba.

Na tsinci kaina da rana tsaka a wani gari inda ruwa yake tsattsafowa daga ƙasa ya nufi sama. Kowa ya naɗe ƙafar wandonsa, hularsa kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a sakandare, na ga abubuwan da suka fi wannan tafiya a baibai.

A hammatata akwai littafin rubutu mai shuɗin bango, na marigayiya matata Furera. A cikinsa ta rubuta gajeren labari guda ɗaya tak a rayuwarta, da biro, irin labaran nan na kimiyya masu kumbo da wasu duniyoyi. Babu kwafinsa a ko'ina. Shekara shida ke nan da rasuwarta.

Sai ga ni a ƙofar wani ofis. An rubuta a allo: Kwamitin Zaɓen Labaran Kimiyya Don Fim da Talabijin. Wata akuya mai tabarau, sakatariyar wurin, ta ɗago kai daga tebur.

"Malam Iro? Gobe aka ce ka zo. Ka makara."

Na ba ta haƙuri.

A ciki awaki bakwai ne zaune a dogon tebur. Shugabansu wani bunsuru ne da suke kira Darakta. Warinsa ya riga shi gaishe ni.

"An ce ka karanta irin waɗannan labarai sama da ɗari huɗu," in ji shi. "Zauna ka ba mu shawara, mu kuma mu ƙi bi."

Ga yadda suke aikinsu. Akan ɗora labari a kan faranti, a zagaya da shi, kowa ya yagi gefe ya tauna. In an haɗiye, ya dace da fim. In an tofar, bai dace ba.

Na farko labarin wani ɗan sama jannati ne da ya yi kwana uku a kumbo, ya dawo ya tarar shekara ɗari ta wuce a garinsu. Dole ya bi gida gida yana ta'aziyyar duk wanda ya rasu a bayansa, ga shi bai san kowa cikin masu amsawa ba. Na miƙe na ce wannan an haife shi ne don talabijin. Kowane mako gida ɗaya, tabarma ɗaya, mamaci ɗaya. Ba a buƙatar komai sai zaure da mutumin da ya iya yin shiru.

Wata jar akuya ta tauna, ta tofar. "Takardar ta yi tsami. Kuma ina waƙa?"

"Waƙa a gidan makoki?"

"Sai ya fita bayan gida da wata yarinya, su zagaya bishiya, su canja kaya sau uku, ya dawo ya ci gaba da ta'aziyyarsa. Haka ake yi."

Na zauna.

Na biyu labarin wani mutum-mutumin inji ne da ba ya iya ƙarya, aka ɗauke shi dillanci a kasuwar kara. Na ce wannan fim ne na awa ɗaya da rabi, wuri ɗaya, yini ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa sayen dabba zai yi dariya har ya ji kunya. 

"Kasuwar kara ka ce?" in ji Darakta a hankali. "Can aka tafi da kawuna."

Ko ɗanɗanawa ba su yi ba.

Na uku shafi tamanin ne na duniyoyi suna fashewa, ɗaya bayan ɗaya. Na duba ko zan sami mutum a ciki, ko da mai gadi ne, ban samu ba. Amma bangonsa mai sheƙi ne, an manne shi da gam mai gardi. Suka yi masa rubdugu. Har farantin sai da aka lashe.

"Kashi ɗari da ashirin za mu yi shi a talabijin," in ji Darakta yana gyatsa. "In ya karɓu a ƙara."

Na doki tebur. Na ce abin kunya ne, an tara masu gemu an ba su amanar labarai, ba wanda ya taɓa buɗe shafi na biyu. Na ce labarin da zai yi fim shi ne wanda ido zai iya ganin abin da ke cin zuciyar mutum, ba wanda ya fi ƙara ba. Na ce duk wanda ya yanke wa labari hukunci bai kai ƙarshensa ba, bai cancanci a ba shi ko jaridar naɗe ƙosai ba. Na ji daɗin wannan jimlar, har na maimaita ta.

"Mene ne wannan a hammatarka?" in ji Darakta.

Sai ga littafin Furera a kan faranti. Ban ga lokacin da ya bar hammatata ba. Na ɗora tafin hannuna a kansa.

"Wannan ba na ci ba ne."

"To ba mu labarin."

Na ba su. Wata mata ce ita kaɗai tana kula da rijiya a wata duniya mai nisa. Saƙo yakan yi shekara goma sha ɗaya kafin ya isa gida, ya yi wata goma sha ɗaya kafin amsa ta dawo. Duk da haka kowace safiya sai ta kunna na'urarta ta ce wa mijinta ina kwana.

"Sai me ya faru?" in ji jar akuya.

"Sai ta ci gaba."

"A ƙarshe fa? Ya amsa?"

Na buɗe baki. Ban sani ba.

Sakatariya ta jawo wani fayil, ta gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, wannan ai an riga an yanke masa hukunci, shekara tara da suka wuce." Ta karanta: "Ba laifi, amma babu abin da ke faruwa a ciki. Ki bar wa masu abin abinsu. Sa hannu, Malam Iro, a kan tabarma, bayan la'asar, yana shan shayi. Ya tsaya a shafi na tara."

"Mu dai mukan tauna kafin mu tofar," in ji Darakta.

Bangon ɗakin ya buɗe. Ga fitilu, ga kyamara, ga rijiya ta kwali. A bakinta Furera ce zaune da zanenta mai ruwan ƙasa, tana gyara ɗankwali kamar wadda ke jiran mota.

"Ita za ta fito a fim ɗin," in ji Darakta. "Ka ɗauke hannunka mu cinye littafin, a fara ɗauka. Za ka riƙa ganinta duk Juma'a da yamma. Waƙa biyar za mu sa, da wani attajiri da zai sauka a kumbo ya ce yana sonta."

Duk Juma'a. Na ji hannuna ya fara sauƙi a kan bangon littafin.

"Malam, ka rame," in ji Furera. "Wa ke yi maka miya?"

"Ni."

"Ai ga shi nan." Ta dubi farantin. "Ka karanta?"

"Na kai na tara."

"Sha huɗu ne duka. Kai da ka haddace na Turawa da na Larabawa."

"Furera, in na bar musu zan riƙa ganinki."

"Za ka riƙa ganin wata tana zagaya bishiya da fuskata. Ka dai san ciwon gwiwata." Ta juya ta leƙa rijiyar kwalin. "Ni ba na can. Ina cikin biyar ɗin da ka bari."

Na ɗauke littafin daga faranti. Na ce a ba ni minti goma in ƙarasa.

"An hana karatu a wannan ofis," in ji sakatariya. "Yana ɓata ɗanɗano."

Awakin suka hau tebur. Na fita da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina ɗan makaranta.

A waje ruwan ya ƙara ƙarfi. Na buɗe shafi na goma ina tsaye a tsakiyar titi. Ruwan ya bugi takardar ta ƙasa, tawadar ta fara ɗagowa, kalma bayan kalma, tana bin ruwan zuwa sama. Ina jin kofatai a bayana. Na kama layin farko kafin ya tashi: A shekara ta ashirin da biyu, da hantsi, na'urar ta yi ƙara.

Ta kuwa yi ƙara. Ta ci gaba da yi, ba ji ba gani.

Injin markaɗen maƙwabciyata ne. Na buɗe ido, rana ta riga ta shigo ta taga.

Ban ɗora shayi ba. Na jawo akwatin Furera daga ƙarƙashin gado, na ɗaga atamfofin. Littafin yana nan, tawadarsa tana nan, kusurwar shafi na tara a lanƙwashe kamar yadda na bar ta. Na zauna a bakin gado na karanta.

Mijin ya amsa. Bayan shekara ashirin da biyu, muryarsa ta iso bakin rijiyar, ta ce: "Lafiya lau. Bari in gama wannan shafin."

Washegari matar ta kunna na'urarta ta ce masa ina kwana.

Labarin zai yi fim. Rijiya ɗaya, mace ɗaya, babu waƙa. Wanda zai fito a mijin ma ba sai an sha wahalar nemansa ba.