Idon Mai-hula

Harsashin Ujarak ya samu natsersuaq a wuya. Ƙaton dabban tekun nan, wanda mutanen garin Nanortalik ke wa laƙabi da Mai-hula saboda jakar fatar da yake hurawa a goshi, ya kife a kan ƙanƙarar da ke yawo a ruwa.

"Yau kuma makaho ya tsinci allura," in ji tsoho Boas, surukin Ujarak, yana kashe injin kwalekwale. Tun da Ujarak ya auri 'yarsa, tsohon nan bai taɓa ce masa sannu ba. A wurinsa wanda ya girma a masana'antar kifi ba maharbi ba ne.

"Baba, bari in taɓa idonsa tukuna."

Doka ce kowa ya sani: ba a kusantar Mai-hula sai an taɓa idonsa da bakin bindiga. In ya ƙifta, da sauransa. Boas da kansa ya koya wa rabin garin.

"Ni za ka koya wa? Zauna, kada takalminka ya jiƙe."

Boas ya dira kan ƙanƙarar da wuƙa a hannu. Yana sunkuyawa, jakar goshin ta kumbura, wani jan balan-balan ya fito daga hancin dabban. Ya cafke cinyar tsohon, ya girgiza shi kamar tsumma, ya soma jan sa zuwa bakin ruwa. Ujarak ya ji ƙashi ya ce ƙas. Tsoro ya kama shi.

"Harba, ɗan banza!"

"Kanka na jikin kansa, Baba!"

Ya jefar da bindigar, ya fizgo ƙugiyar jan nama, ya kafta wa dabban a ka. Jakar ta shanye dukan. Ƙafar Boas ɗaya ta riga ta shiga ruwa. Ujarak ya tsinci wuƙar da ta faɗi, ya haye wuyan dabban, ya luma ta inda harsashin ya shiga, ya yi ta yanka, jini mai zafi na feshe masa fuska, har muƙamuƙin ya saki.

Ya ɗaure cinyar da igiya. Ya sa kafaɗa zai ɗaga tsohon, sai Boas ya riƙe masa riga. Leɓunansa sun yi fari. Ya dubi dabban, wanda kansa ya kusa rabuwa da gangar jiki.

"Ɗana," ya ce a hankali, "je ka taɓa idonsa."