Kwalin da Na Kai da Kaina

Ranar da motar maɗaba'a ta sauke kaya, sai da na fitar da kujeru huɗu baranda kafin kwalaye su samu wuri a falo. Direban ya leƙo, ya dubi tulin kayan, ya tambaye ni su wa za su taya ni. Na ce suna hanya. Ya karɓi sa hannuna ya tafi, na rufe ƙofa, domin babu wanda ke hanya.

Abin da ke cikin kwalayen wasa ne da na ƙirƙira, sunansa Masu Neman Kogi. Akwai dayis a ciki irin na ludo, amma ba ludo ba ne. Kewaye tebur ake yi, mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama shi. Mai riƙe da labari zai ce, "Kun iso gada, katakonta ya ruɓe, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabarar mutuminsa, a jefa dayis a ga ko ta ci. Labarin na wani gari ne da aka wayi gari kogin da yake sha ya tattara ya tafi, aka tura mutane su bi sawunsa. Yayata tana kiransa tatsuniyar ƙartin da suka ƙi girma, kuma har yau ban samu abin mayar mata ba.

Mu biyar ne muka raine shi a kan teburin nan, kowace Asabar, shekara da shekaru. Ni ke riƙe da labari. Akwai Dogo, wanda maganinsa ga kowace matsala shi ne a cinna mata wuta. Akwai ƙanwarsa Mai Zane, ita ta zana taswirar. Akwai Likita, wanda ba likita ba ne, magani yake sayarwa. Sai Mai Gardama, sunansa ya wadatar.

Dogo ne ya ce mu sa wasan a irin shafin nan na intanet da mai son buga abu yake nunawa, jama'a su biya tun kafin a buga. Muka ɗauki bidiyo muna wasa, Dogo yana dariya har yana dukan tebur. Sai ga mutane daga garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba suna cewa a buga, suna so. Mun yi murna a lokacin, ba mu san mun ɗauko aiki ba ne. Asabar ɗinmu ta koma ranar duba kuskuren rubutu da musu kan kaurin kwali. Aka yi wa Likita canjin wurin aiki. Mai Zane ta bi mijinta wani gari. Mai Gardama ya samu tagwaye, ya ƙara aiki na biyu. Dogo ne ya daɗe, shi ma ya samu aiki can nesa, ya rungume ni a tasha ya ce in dinga turo hotuna. Ba mu yi faɗa ba. Da ma faɗan muka yi, da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ba da haƙuri.

Haka na shiga ɗaurin kaya ni kaɗai, kullum bayan na taso daga ofis. Littafi a ƙasa, taswira a ninke a kansa, katunan mutane a gefe, jakar dayis a kusurwa don kada ta huda murfi. A rufe, a ja salatif, a manna adireshi. Ƙarar salatif ce kawai maganar da ake yi a gidan. Matar da ke karɓar kaya a gidan waya ta saba da ni har ta daina tambayar abin da ke ciki, da ta hango ni sai ta jawo sikeli.

Can hotuna suka fara zuwa daga waɗanda suka sayi wasan. Wasu a ɗakin girki, wasu a ƙasa kan darduma, wasu da jariri a cinya, duk sun kewaye taswirar Mai Zane suna dariya. Ina amsa kowa da godiya, kuma da gaske nake. Amma kishi nake ji, ba zan ɓoye ba. Na zama kamar mai dafa abincin taro, yana jin ƙarar cokula daga bayan gida.

Kwali ɗaya na ware tun farko, na ɗora shi kan firij. A irin wannan talla akan yi mataki-mataki, kowa da abin da za a ba shi, kuma a can sama mun sa wani mataki don wasa kawai: wanda ya zaɓe shi, zan kawo masa kwalinsa da kaina, in riƙe labari zama ɗaya a gidansa. Mutum ɗaya ya zaɓa, kuma a garinmu yake. A sana'ar nan kowa ya san mai neman irin wannan yana da teburinsa da mutanensa, mai riƙe da labari kawai yake so ya ɗanɗana. Wannan kwalin shi ya riƙe ni duk tsawon ɗaurin kayan. Abu ɗaya nake so a duniya, in sake zama a gaban cikakken tebur, in ce "kun iso gada", in ji mutane sun kaure da musu.

Na shirya kamar mai zuwa neman aiki. Na rubuta sabon babi, na gwada muryoyi a banɗaki. Yaya ta kira ana gobe.

"Ka goge riga dai, kada ka je musu kamar wanda aka tono daga cikin kwali."

"Yaya, wasa za mu yi."

"Na sani. Wa ya sani ko a cikinsu akwai wadda ita ma ta ƙi girma, mu huta da kai."

Asabar da rana na hau bas da kwalin a cinya. Gidan bene ne mai hawa da yawa, lif ɗin ya mutu, matattakala tana warin sabon fenti. Na ƙwanƙwasa, wani dattijo ya buɗe, gajere, da tabarau a rataye a wuya, rigarsa ta sha guga fiye da tawa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, amma idonsa ba a kaina yake ba. Ta saman kafaɗata yake leƙen matattakala. Ni ma nawa idon ta saman kafaɗarsa ya wuce, cikin falo.

Ga tebur an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga kofuna shida, ga farantin biskit. Kujeru shida, biyu iri ɗaya, huɗu na roba. Babu kowa a kansu.

"Sauran suna ƙasa ne, ɗana?" ya tambaya.

"Su wa, Baba?"

"Mutanenka mana. Dogon nan mai dukan tebur, da yarinyar mai taswira, da mai musun nan."

Na ce, "Baba, ai ni kaɗai ne. Na ɗauka naka mutanen zan tarar."

Muka tsaya a bakin ƙofa, kowa yana duban ɗan'uwansa. Shi ya fara sakin hannuna. Ya ce in shigo, ba a magana a tsaye.

Yana zuba shayi yana ba ni labari, ba tare da ya ɗago ba. Direban bas ne da, ya yi ritaya. 'Yarsa ce ta dawo da shi garin nan don ya zauna kusa da ita, ba a daɗe ba wurin aikinta suka ɗauke ta zuwa reshensu na wani gari. Ita ta ga yana ta maimaita bidiyonmu a waya, ta biya masa matakin nan.

"A bidiyon ku biyar ne," ya ce. "Ban taɓa kawowa za a zo a rarrabe ba. Na ce to, ko ba komai gidan zai ji hayaniya yini ɗaya. Kujerun nan na maƙwabciya ne, da yamma za ta karɓa."

Raina ya ɓaci, kuma ban san wanda zan ɗora wa ba. Na ji haushin dattijon da bai san yadda ake yi ba, na ji haushin Dogo da dariyarsa, na ji haushin rigar da na goge. Na hau bene ina neman tebur, ashe shi ma mai teburin, mutane yake nema. Na juya kwalin na nuna masa bayansa, inda aka rubuta mutum uku zuwa shida. Ni na kafa dokar, har na yi sati ina musu da Mai Gardama a kanta. Na ce wasan ba ya yiwuwa da mutum biyu, mu sa wata rana.

Ya sa tabarau, ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni wace ranar ba, don mu duka mun san babu ita.

"Ba komai. Sha shayinka tukuna. Amma kafin ka tafi, nuna mini yadda ake jefa wannan mai kusurwa da yawa, na gani a bidiyo ban gane inda ake karantawa ba."

Na buɗe kwalin don in nuna masa dayis kawai. Sai ya tashi ya ɗauko wata takarda, ashe tun watannin baya ya ƙera mutuminsa: tsohon mai fito, wanda kwalekwalensa ya rage a kan yashi ranar da kogi ya tafi. Har suna ya raɗa wa kwalekwalen. Wanda ya riƙe labari shekaru ba ya iya ganin irin wannan ya yi shiru. Bakina ne ya riga ni, na ji ina cewa, "Rana ta take, ka bar gari a bayanka, ga sawun ruwa a kan yashi ya nufi gabas."

Ya gyara zama, ya ce zai bi.

Ya iya, abin mamaki. Ba ya gaggawa, yana tambayar abin da direba zai tambaya, ina hanya ta rabu, wa ya wuce kafin shi. Muka tafi lafiya har gada. A nan na tuna abin da na yi da hannuna. Na gina gadar nan ne yadda mutum ɗaya ba zai iya tsallakawa ba, dole wani ya riƙe igiya wani ya taka. Dabarata ce ta tilasta wa 'yan wasa su yi magana da juna, kuma na sha yin alfahari da ita.

Baba ya gwada ɗaure igiyar a dutse, dayis ya ƙi. Ya gwada rarrafe, ya ƙi. Ya cire tabarau ya dube ni.

"To, ɗana, haka zan zauna a nan?"

Na zaro katin maƙerin da Dogo ya saba ɗauka, na ajiye a gaban kujerar roba. Na kumbura murya na ce, "Tsoho, matsa gefe. A ƙone gadar nan kowa ya huta."

Baba ya juya ga kujerar kamar akwai mutum a kanta. "Kai, yaro, in ka ƙone ta da me za mu dawo?"

Na ajiye katin Mai Gardama, na ce da siririyar muryarsa ai a ƙa'ida wuta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Na ajiye na Likita, wanda kullum sai ya tambayi ko kowa ya sha ruwa. Na ajiye na Mai Zane, wadda ba ta magana sai kowa ya gaji, sannan ta faɗi abin da za a yi. Ban yi tunani ba, duk suna nan a bakina, har inda Dogo yake katse mutane. Baba yana musu da su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna kujera da yatsa, yana dariya har da tari. Ni ma na yi dariya. Na yi kewarsu ƙwarai, kuma sai a ranar na san yawanta. Na ɗauki kofi na ɓoye fuskata a ciki, Baba ya yi kamar yana nazarin taswira.

Mai fito yana tsakiyar gada, maƙeri yana riƙe da igiya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciya ce, ta yi baƙi. Muka taya ta kwashe kujerun huɗu. Da muka dawo, katunan suna nan a inda na ajiye su, kowanne da kofinsa da ba a taɓa ba.

Na fara ninke taswira, ya dafa ta da hannu.

"Ka bar ni a tsakiyar gada fa. Na san zama ɗaya aka ce."

Na ce, "Akwai kujeru huɗu a barandata, Baba, rana kawai ke cinsu. Asabar sai in samo mota in kawo."

"Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Waɗannan ba sa bukatar kujera. Kai dai ka zo."

A bas na rubuta wa Dogo cewa yau ma ya so ya ƙone gada, wani tsoho ya hana shi. Kafin in sauka amsa ta zo, ɗan hoton fuska mai dariya, shi ke nan. Bai tambayi wace gada ba, bai tambayi wane tsoho ba. Na mayar da wayar aljihu, na jingina da taga, na fara tunanin abin da zan sa a ƙetaren gadar, domin na san Baba zai tambaya.