Ƙullutu a Gefen Tabo

Zamanin da Nasara ke riƙe da ƙasa, kumandan, wato Baturen mulki, na zaune a Magariya, babu wanda bai san Hinda matar Barau ba a garin Kwaya. Da fari an san ta da mai da ƙuli-ƙuli, don in ta kai manta kasuwar Waca ba ya kaiwa azahar. Daga baya aka ƙara saninta da wani abu dabam. Ita ce macen da ciwon daji ya kama wa nono, ta tafi Damagaram aka yanke shi, ta kuma dawo gida da ƙafafunta.

Tafiyar ma ba da sauƙi aka yi ta ba. Wata bakwai ta yi tana shan sassaƙe da jiƙo, wanzami ya yi mata ƙaho har sau biyu, ƙullutun kuwa sai girma yake. Sai da Sambo, anfirmen gidan likita na Magariya, wato mai ba da magani da yin allura, ya ja Barau gefe ya ce masa in ana son matar nan a kai ta wurin lokotoro, wato babban likita, tun hanya tana biyuwa. Wata biyu ta yi a can. Ta dawo ƙirjinta na hagu a shafe, da dogon tabo tun daga tsakiyar ƙirji har hammata.

Mata suka yi ta zuwa barka, rabinsu don Allah, rabinsu don ido. Hinda ba ta ɓoye wa kowa ba. In an shiga ɗaki sai ta sassauta zane ta ce, "Ku duba da kyau. Aikin wuƙa ne, kuma ga ni ina magana da ku."

Damina uku suka wuce. Hannun hagun da ya sage ya saki, ta koma matsar mai kamar da. A hankali mata suka fara zuwa wurinta a ɓoye, kowace da abin da ta ji a jikinta, don Hinda ta taɓa ta faɗa mata. Yawanci maruru ne, ko nono ya daskare wa mai goyo, sai ta ce a yi gashi da ruwan zafi.

Ana cikin cirar gyaɗa Ɗela ta zo. Matar ƙanin Maigari ce, mai ƴaƴa huɗu, ta girmi ƴar Hinda ta fari da kaɗan. Hinda ta ɗora yatsu a nononta na dama, ta ji abu tauri kamar tsakuwa, ba ya motsi, ba ya kuma ciwo. Ta san shi kamar yadda mutum ya san hanyar gonarsa.

Kwana goma ta yi tana zarya gidan Ɗela. Dada, uwar Ɗela, wadda ta zo taya ƴarta aikin kaka, ta rantse ba za a kai mata ƴa a yanka kamar akuya ba. A ƙarshe Ɗela ta ce, "Yaya, ba don kowa zan je ba sai don ke. Tun da aka cire miki ya rabu da ke, ni ma a cire mini."

Aka tsai da rana, washegarin kasuwar Waca, lokacin da kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ke tashi daga Magariya zuwa Damagaram. Hinda za ta yi rakiya.

Saura kwana uku tafiya, da hantsi, Hinda na wanka a bayan ɗaki. Ta bi tabon da soso kamar kullum, sai ta ji soson ya yi tuntuɓe. Ta ajiye shi ta sa yatsa. Can ƙarshen tabon, dab da hammata, ga wani ƙullutu kamar ƙwayar wake.

Ta daɗe a tsugune. Ruwan jikinta ya bushe ba ta sani ba. Ta sake taɓawa da ɗayan hannun, ko wancan ya yi mata ƙarya, ta iske yana nan. Sai ta ɗaura zane ta fito ta ɗora kasko, ta zuba gyaɗa, ta zauna da muciya a hannu tana kallon wuta.

Barau ya shigo daga gona da kwandon harawa a kai. Ya tsaya a tsakar gida ya shaƙi iska.

"Uwar Fati," ya ce, "shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ƙaurin gyaɗarki ba. Lafiya?"

Ta sauke kaskon, ta ce ya shigo ɗaki. Ta kama yatsansa mai kaushi ta ɗora a wurin. Barau ya yi salati a hankali, ya zauna bakin gadon kara, ya cire hula ya riƙe.

"Shi ne?"

"Ban sani ba, Malam. Wancan ma haka ya faro."

Barau ya juya hular a hannu. Can ya ce, "To, ai dama tafiya za ki yi. Sai in bi ku. In mun isa a duba ki. Amma kar ki gaya wa yarinyar nan. Da ƙyar kika shawo kanta, in ta ji, ko da igiya ba za ta hau kamyo ba."

Hinda ta san gaskiya ya faɗa. Ta wuni tana juya maganar. In ta yi shiru, Ɗela za ta isa wurin lokotoro, kuma isar ita ce bukata. Amma kalmar Ɗela ta tsaya mata a rai, wai tun da ya rabu da ke. Da la'asar ta ɗauki mayafi.

"Na ce mata ya rabu da ni," ta ce wa Barau. "Yau ban san ko ya rabu ba. In za ta kwanta a yanke ta a kan maganata, to maganar ta zama ta gaskiya."

Ta iske Ɗela da Dada suna ɓarzar gyaɗa a gindin rumbu. Bayan gaisuwa ta ce su shiga ciki. Ta yi wa Ɗela yadda ta yi wa Barau. Ɗela ta janye hannu da sauri, ta rufe baki.

Dada ta taɓa ita ma, ta girgiza kai. "Ai na faɗa. Wa ya taɓa kashe daji da sara? Sassabe aka yi miki, Hinda. Da ya sha ruwa ga shi ya tofo."

"Mai yiwuwa, Dada," in ji Hinda. "Amma ban taɓa ganin manomin da ya bar gona don kututture ya tofo ba. Komawa yake yi da gatari. Damina ukun nan da na ci, ba wanda ya sa mini rai da su, har ni kaina. A cikinsu na aurar da Fati, na yi wa jikana wankan farko da hannun nan."

Ta juya wurin Ɗela. "Ban zo in ja ki ba. Na zo ne kar ki tafi a kan abin da ba ki sani ba. Ni dai gata zan kama hanya. Wancan karon wata bakwai na yi ina jira. Wannan karon kwana ukun nan ma sun yi mini yawa."

Ɗela ta tashi ta koma kan gyaɗarta. Hinda ta koma gida ta gaya wa Barau, shi kuma bai ce ai na gaya miki ba, sai ya tashi ya je duba akumarin jaki.

Ranar tafiya suka fito da sassafe su biyu. Sun wuce rijiyar bakin gari, sun kusa kukar da hanya ke rabuwa, sai suka hangi mace zaune a kan ƙunshin kaya, namiji na tsaye riƙe da igiyar jaki. Ɗela ce da mijinta.

"Kun makara, Yaya," ta ce, tana miƙewa.

Hinda ta tsaya tana kallonta.

"Da kin ɓoye mini," Ɗela ta ce, "da na gane a hanya, don fuskarki ba ta iya riƙe magana. Kuma da na gane, a nan zan juya. Amma wadda aka yanka sau ɗaya, ta san zafin, ta kuma ce za ta koma, ita zan bi."

A Magariya Sambo ya duba su duka biyun. Bai yi musu alkawarin komai ba. Ya rubuta takarda biyu, ya raka su da kansa har inda ake lodin gyaɗa, ya roƙi direba ya ba matan wuri kusa da kan mota inda jijjiga ba ta da yawa. Suka zauna bisa buhuna, rana na dukansu. Ɗela ba ta taɓa hawa mota ba, ta yi amai sau biyu, Hinda ta ɓantara mata goro ta ce ta riƙe a baki.

A Damagaram suka tarar lokotoron da ya yi wa Hinda aiki ya koma ƙasarsu. Wani ne sabo, dogo, mai jan gashi, yana magana tafinta na juyawa. Ya duba tabon ya ce aikin ya yi kyau. Ƙullutun kuwa, ya ce yatsa ba ya iya faɗin ko mene ne, sai an fid da shi. Washegari aka yi mata allurar kashe zafi, idonta biyu aka cire, ta ga an jefa shi cikin ƴar kwalba. Tafinta ya ce za a sa shi a jirgin sama zuwa Dakar, inda ake da madubin da ke ganin abin da ido ba ya gani. Sai a jira takarda.

"Ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba," Hinda ta ce wa Barau, "ga ɗan wake daga jikina zai hau jirgi."

Kwana huɗu bayan haka aka yi wa Ɗela nata aikin. Barau ya koma Kwaya don gyaɗa ba ta jiran mutum, mijin Ɗela ma ya bi shi bayan mako guda. Hinda ta zama ita ce uwa, ita ce ƴar jinya. Ta dama mata kunu, ta wanke mata zane da hannu ɗaya. Da ciwon ya fara kamewa ta tsai da ita gaban bango, ta koya mata hawa da yatsu sama sama, kullum a ƙara kamu ɗaya, don kar hannun ya sage. Ɗela ta yi kuka, ta ce ba za ta iya ba. Hinda ta ce ita ma haka ta faɗa, a ƙara ɗaya.

In tana hidimar Ɗela ba ta tuna kanta. Sai ta fita shanya, ta ji ƙugin jirgi a sama, sannan ta tuna da ƴar kwalbar nan. Haka ta yi mako huɗu.

Ranar wata Laraba tafinta ya leƙo ya ce lokotoro na kiranta. Ɗela ta ce sai ta bi ta. Suka shiga, suka ga takarda a buɗe bisa tebur. Lokotoro ya yi magana, tafinta ya ce, "Inna, ya ce ba daji ba ne. Kitse ne ya daskare a inda aka yi ɗinki, ya dunƙule. Yakan faru bayan irin wannan aiki."

"Sake faɗa, ɗana."

Ya sake faɗa. Hinda ta zauna daɓas a kan siminti, ta juya gabas ta kai goshi ƙasa. Da ta ɗago dariya take yi, hawaye na zuba, Ɗela na riƙe da kafaɗarta.

"Tambaye shi," ta ce, "to na wahalar da shi a banza ke nan?"

Lokotoro ya girgiza kai ya yi dogon jawabi. Tafinta ya ce, "Ya ce ko kaɗan. Da daji ne, zuwan nan da wuri shi ne zai cece ki. Ya ce duk shekara bayan kaka ki zo a duba, in kuma kin ji wani abu kar ki jira kaka. Na ƙanwarki daji ne, amma bai kai hammata ba, an riga shi."

Labari ya riga su isa Kwaya, don Sambo ya aika da wani mai doki. Tun daga rijiya mata suka tare su da guɗa. Aka sauke Ɗela daga jaki, ƴaƴanta suka rufe ta. Ta ɗaga hannun dama sama har ya miƙe, don uwarta ta gani. Dada ta shafa fuskar ƴarta, ta shafa hannun. Barau kuwa ya yanka bunsurun da yake kiwo, aka ci har maƙwabta na unguwar gabas.

Hinda ta ga saukar Nasara, ta ga auren jikanta, tsufa ne ya kai ta. Ɗela ma ta daɗe bayanta. Amma wannan duk daga baya ne.

Kwana biyu da dawowarsu, Hinda na suyar gyaɗa, Dada ta yi sallama da ƙwaryar fura a hannu. Ta ajiye, ta zauna, ta yi ta zancen tsadar gishiri da ƙarancin ruwan bana. Sai da ta miƙe za ta tafi ta tsaya bakin ƙofa.

"Akwai ƙanwata a Dungas," ta ce, ba ta kalli Hinda ba. "Tun watan azumi take ɓoye wani abu a ƙirji. Ni kaɗai ta gaya wa. Ba za ta ji maganata ba, don ta san abin da na riƙa faɗa."

Hinda ta juya gyaɗa, ta rage wuta.

"Ki zo gobe da sassafe, Dada," ta ce. "Ke za ki hau jakin, ni in bi da ƙafa. Na gaji da zama."