Takardun Tambaya Ɗari Uku

Shekara biyar ke nan Auta tana bin digirin dakta a fannin kasuwanci. In ka tambaye ta saura nawa, sai ta ce saura ƙiris, da irin muryar da ke hana ka sake tambaya. Malama ce a wata kwaleji, tana koyar da 'yan aji ɗaya dabarun ciniki, kuma shugaban sashensu ya riga ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in babu wannan digiri, a kujerar da take za ta tsufa, ɗaliban da ta koyar su zo su wuce ta.

Bincikenta a kan shagunan gado ne: me ya sa shago ke durƙushewa da zarar mai shi ya rasu ya bar wa 'ya'ya. Ta zauna da 'yan kasuwa ashirin da bakwai, ta naɗi hirarsu, ta gina babi na huɗu a kai, shafi tamanin.

Wata Talata ta je wajen Farfesa, mai duba aikinta. Awa biyu ta yi a kan bencin baranda kafin sakatariya ta ce ta shiga. Ya turo mata kundin, jan biro ya yi masa kaca-kaca.

"Malama, babin nan naki duk labari ne. Wane ya ce, wance ta ce. Ina alƙaluma? Ki raba wa 'yan kasuwa ɗari uku takardun tambaya, ki dawo mini da sakamako."

"Ranka ya daɗe, ai da takardun tambayar na fara. Kai ka ce in bar su in koma hira."

"Ni?"

Ta buɗe jaka, ta zaro wata 'yar takarda da ta ajiye tun shekara biyu, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya gyara tabarau, ya karanta a tsanake.

"Rubutuna ne, ba shakka. To, a lokacin haka na gani. Ilimi ai ba tsaye yake ba, Malama."

Ta ce ta gode. Ta sauko bene a hankali, ta shiga mota, ta rufe ƙofa, ta kai wa sitiyari duka har odar motar ta ɗauka, mutanen da ke wucewa suka waiwayo.

Daga nan shagon yayanta ta nufa. Yaya kayan famfo da tayil yake sayarwa, bai gama sakandare ba, amma duk layin babu wanda bai san shi ba. Ya saurare ta yana ƙirga kawunan famfo a cikin kwali.

"Ke Auta, ko allura kin taɓa sayarwa? Amma ke ce za ki zama daktar kasuwa. Kawo takardun nan, abin da bai fi kwana uku ba."

Kwana uku kuwa, sai ga shi a gidanta da takardun a ɗaure da igiya, ɗari uku cif, an cika su tsaf. Daɗi ya kama ta har ta kusa rawa. Ta kwance, ta duba ta farko, ta duba ta goma, ta duba ta hamsin. Biro ɗaya ne, shuɗi, mai ɗigar tawada. Rubutu ɗaya ne. A kowace tambaya an zaɓi "na yarda ƙwarai", har da wadda ke tambayar shekarun mutum, inda aka rubuta hakan a gefe.

"Yaya, wa ya cika waɗannan?"

"Ni mana. Duk na san su, na san abin da za su ce. Wa ke da lokacin zama yana zane-zane, masu saye na jira?"

"Yaya, korata za a yi! Wannan ai ƙarya ce a rubuce!"

"Ƙarya? Ni? Yatsuna har yanzu ciwo suke, ko sannu babu."

Ya yi fushi, ta yi fushi, mijinta ya shiga tsakani yana danne dariya, ta haɗa da shi. Washegari ta sake buga wasu ɗari uku.

Da kanta ta shiga kasuwa, kullum bayan ta tashi daga aji. Mai sayar da taya ya ce daga ofishin haraji aka turo ta. Mai yadi ya karɓa da fara'a, ta dawo ta tarar ya naɗe zare da takardar. A mako na biyu Yaya ya huce, ya rufe shago ya shiga gaba, yana cewa kowa, "Ƙanwata ce, dakta za ta zama." Sai abin ya sauya salo. Wani ya naɗe wando ya nuna mata kumburin gwiwa, wata ta kawo mata sakamakon awon jini. Tun tana bayani har ta gaji, ta koma cewa su je asibiti, amma su fara cika wannan tukuna.

Mako bakwai ta yi, takalmi ɗaya ya tsinke, ta samu ɗari biyu da sittin da huɗu. Ta yi wata guda tana fama da kwamfuta, ta fitar da jadawali goma sha tara, ta rungumi kundin ta hau bene.

Ofishin Farfesa a kulle. Sakatariya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Au, ba ki ji ba? Ya tafi hutun shekara guda a wata jami'a. An mayar da ke wajen sabuwar Dakta, ƙofa ta uku."

Sabuwar Dakta ko kusa ba ta kai Auta a shekaru ba. Ta karɓi aikin, ta ce a ba ta mako guda, kuma abin mamaki, a mako gudan ta karanta.

"Anti, hirarrakin nan su ne ran aikin. Me ya kai ki ɓata lokaci kan waɗannan jadawalai?"

Auta ta nemi izini ta zauna, ta roƙi ruwa, ta shanye kofin tas.

"Dakta, don girman Allah, kada a cire komai. Hira ta zauna, jadawali ya zauna. In an sake taɓa babin nan, ni ce za a kwasa."

Dakta ta dube ta da kyau, ta ce to, su zauna duka.

Bayan wata biyar Auta ta kare aikinta a gaban malamai shida. Minti arba'in suka yi suna gardama da juna a kan ko "shagunan gado" ko "shagunan iyali" ya dace da take, ita tana tsaye ƙafafunta na zogi. Daga ƙarshe suka bar shi yadda yake, suka taya ta murna.

Ranar Litinin ta kai kwafi biyar ɗakin karatu, an yi musu bango mai kauri, sunanta da ruwan zinariya. Ma'aikacin ya ɗaga ɗaya, ya kai shi bakin taga, ya juya shi a haske.

"Malama, wannan bango shuɗi ne mai duhu. Baƙi doka ta ce."

Ta tattara su biyar ɗin a ƙirji, ta tambaye shi ƙarfe nawa suke tashi, ta fita neman mai ɗaure littafi.