Awicha a Ƙaramar Ƙofa

"Ke ce. Da bakinki kika gaya musu ni 'yar aiki ce."

Doña Celestina Huanca tana tsaye a ƙofar kicin, ko hularta ba ta cire ba. 'Yarta Yolanda ta tsaya cak da wuƙa a kan albasa.

"Mama, ki zauna mana ki sha iska."

"Na sha isasshiya a bakin ƙofarsu."

Shekara da shekaru Yolanda ta yi a Madrid tana wanke tsofaffin Turawa, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Can ta haifi Nerea, can mijinta ya kama gabansa. Celestina ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba, sai dai hira ta waya, daga rumfarta ta dankali a kasuwar El Alto, garin da ke kan dutse sama da birnin La Paz. Ta wayar ta koya wa yarinyar kalma ɗaya tak ta yarensu, Aymara, wato awicha, kaka. Da suka dawo La Paz, yarinyar na shekara biyar, da wannan kalmar ta rugo ta faɗa cikin bujen kakar, faffaɗan nan na matan Aymara, a filin jirgi. Kasuwa kaf sai da ta ji labarin.

Sai aka shiga neman makaranta. Yolanda ta ce ba ta sha wahalar ƙasar wasu don 'yarta ta zauna a aji mai fasasshiyar taga ba. Ta zaga makarantun kuɗi da ke can ƙasan gari, unguwar masu hali, har wata mai koriyar ƙofa ta karɓi yarinyar. Celestina ce ke ɗauko ta kullum, ta bar rumfa a hannun maƙwabciya ta sauko daga dutsen nan, sai ta hau mota biyu. Yolanda ta ce mata ta riƙa jira a ƙaramar ƙofar gefe. Akwai benci a wurin, akwai inuwa. Celestina har yabon su ta yi, ta ce mutanen nan sun san darajar tsofaffi.

Yau da ta isa, titi cike da motoci. Tsofaffin mata masu rinannen gashi suna ta shiga ta babbar ƙofa. Wata mai reno da ke kusa da ita a benci ta ce ai ranar kakanni ce, yara sun yi musu furen takarda.

Celestina ta miƙe, ta gyara hula, ta jefa kitsonta biyu baya, ta nufi babbar ƙofa.

"Ina zuwa, baba?" in ji maigadi. "Yau ta 'yan gida ce. Naku wurin ga shi can."

"Ni ce awichar Nerea."

"Mun sani ai. Uwar ta gaya wa shugabar makaranta, haka suke kiran mai reno a gidansu." Ya rage murya. Fuskarsa irin tata ce sak, ɗan tudu ne shi ma, ɗan Aymara. "Ni na san ma'anarta, baba. Amma aikina nake tsaro."

Ta koma benci. Ba ta yi kuka ba. A mota ne, suna hawowa, Nerea ta fito da fure ja daga jaka, ya lanƙwashe.

"Na ce zan ba ki, malama ta ce na kaka ne, ba na awicha ba." Ta ɗago kai. "Awicha, ni ba ni da kaka ne?"

Abin da Celestina ta kawo kicin ke nan.

Yolanda ta ajiye wuƙar. "Ba ki san yadda suke ba, Mama. Ba yaro suke dubawa ba, gidansu suke dubawa. Makaranta biyu sun ce akwai wuri, suna ganinki a bayana wurin ya cika. A nan shugabar ta ji Nerea ta kira ki, ta tambaye ni, maganar ta kuɓuce mini."

"Ta kuɓuce. Wata guda tana kuɓucewa?"

"Kin manta abin da aka yi mini? 'Yar mai buje, 'yar mai warin dankali. Har na gama makaranta ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni. Ba na so a yi mata."

"Warin dankalin nan shi ya hau da ke jirgi, ke! Wannan bujen a cikinsa na goye ki cikin ƙanƙara. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ban taɓa cewa uwata baiwar wani ba ce don a buɗe mini ƙofa."

"Sai in cire ta daga makarantar? In kai ta ina?"

"Wa ya ce ki cire ta? Ta yi karatu, ta fi ki, ta fi su. Benci ma zan ci gaba da zama, ƙafata ta gode masa. Amma kalma ɗaya na ba yarinyar nan a duniya. Ba ni da gida, ba ni da gona. Ita kaɗai na ba ta, kika ɗauka kika juya mata ma'ana."

Yolanda ta sa bayan hannu ta share ido. Ba albasa ba ce, su biyun sun sani.

"Gobe zan yi wa shugabar magana," ta ce a hankali. "In na samu dama."

"Shugaba ta sha zamanta. Ba ita ta tambaye ni a mota ba."

Celestina ta juya ta ƙwala kira. Nerea ta shigo da takalmi ƙafa ɗaya, furen na hannunta har yanzu. Tsohuwar ta dafa kafaɗunta, ta tsayar da ita a gaban uwarta.

"Ga ta nan. Ta yi tambaya, ni ban amsa ba, don ba ni na ɓata ba. Dube ta, Yolanda, ba tukunya ba. Gaya mata. Wace ce ni?"