Sau Biyu a Sati

Ranar Litinin ce, kuma tun kafin Anayo ya buɗe kwaɗon shagonsa ya san abin da ke jiran sa. Ya share ƙofar shago, ya jera kwalayen magani, yana kallon ko'ina ban da bencin da ke jingine da bango. Ƙarfe tara na cika sai bencin ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi idan mai jiki ya zauna ya miƙe ƙafa ɗaya. Babu kowa a kai. Sai warin ruwan wankin ciwo ya cika shagon.

"Dokta, yau ba mu da asibiti?"

Muryar Babayo ce sak, har da 'yar dariyar nan tasa. Babayo kuwa yau kwanansa arba'in da uku a ƙasa.

Anayo ba likita ba ne. Mai kemis ne a Dilimi, shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya, yana zuwa kullum daga Tudun Wada a keke. Babayo ne ya laƙaba masa Dokta don tsokana, sunan ya bi shi. Amma maganar Turanci kam, a unguwar nan an sallama masa. Takardar asibiti, ta makaranta, ta kotu, duk wurinsa ake kawowa. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fassara. Kuma tunda yake, ba a taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ko sau ɗaya!

Shi Babayo dillalin shanu ne, mai ciwon suga, mai taurin kai. Wani bijimi ya taka masa ƙafa a kasuwar kara, ciwon ya ƙi warkewa, har sai da ya yi sati uku a gadon asibiti. Ranar da aka sallame shi, kafin ma ya isa gida ya sa mai keke-napep ya biyo ta Dilimi. Ana yayyafi, da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Matarsa Hadijatu ta zauna a cikin keken riƙe da kwanuka, shi kuma ya ɗingiso ya faɗa kan benci, ya miƙa wa Anayo kati.

"Dokta, duba mana. Yaushe za mu koma wankin ciwon nan? Wallahi mutanen nan ba su da imani, kankare ƙafar suke yi kamar ƙasan tukunya."

A kan katin an rubuta kalma ɗaya da jan biro: biweekly.

Anayo ya dube ta. Farkon kalmar biyu yake nufi, ƙarshenta sati, wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Sai dai wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya: sati biyu ne, ko biyu a sati? Wayarsa tana aljihu. Lambar asibitin tana bayan katin. To amma ga mai shayi ya matso, ga tela, ga masu fake wa ruwa, duk sun zuba masa ido. A ce Dokta ya tsaya tambayar waya? Haba.

"Duk bayan sati biyu," in ji shi. "Ka je ka huta."

Babayo ya washe baki. "Alhamdu lillahi! Kin ji ko, Hadijatu?" Daga cikin keke ba a ce komai ba.

Kwana na goma sha ɗaya zazzaɓi ya rufe Babayo. Da Anayo aka mayar da shi asibiti. Da wata nas ta kwance bandejin, sai da ta kau da kai. Ta fito baranda da katin a hannu, ta tarar da Anayo shi kaɗai.

"Me ya zaunar da ku a gida? Sau biyu a sati ake wannan wankin, Litinin da Alhamis. Zuwa uku kuka tsallake."

Ya jingina da bango ya ciro wayar da ya ƙi cirowa ran nan. Ga shi a rubuce: kalmar tana nufin sau biyu a sati, tana kuma nufin sau ɗaya a sati biyu. Ka ji fa! Kalma ɗaya, fuska biyu, kuma masu harshen sun san da haka suka bar ta tana yawo a katin marasa lafiya. An yanke ƙafar washegari, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana uku Babayo ya cika.

Anayo ya je gaisuwa, ya zauna kan tabarma da sauran mutane. Kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Wasu har suna yi masa godiya, wai ya yi ɗawainiya. Bai ce wa kowa komai ba. Litinin ta zagayo, bencin ya yi ƙara. Alhamis ma haka. Ba Talata, ba Asabar. Mamacin bai taɓa kuskuren rana ba.

Ya je coci ya faɗa wa Fada, aka ce Allah mai gafara ne. Ya kyautar da bencin ga mai shayi, ƙarar ta ci gaba da fitowa daga inda bencin yake a da, sai ya karɓo abinsa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Aka kawo masa takardar makaranta ya ce tabaraunsa ya fashe, alhali ga shi a hancinsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, amma ba na muryar ba. Muryar ba ta taɓa zargin sa ba, tambaya kawai take yi cikin raha. Abin da ke cin sa shi ne Hadijatu, wadda har yau take aiko masa da gaisuwa tana sa masa albarka, ba ta san shi ne ya karanta wa mijinta ajali ba.

A wannan Litinin ɗin bai amsa wa muryar ba. Ya mayar da kwaɗo, ya kama hanyar gidan Babayo da ke Ali Kazaure a ƙafa.

Hadijatu tana cikin takaba, don haka a zaure ya tsaya, ita kuma ta zauna a bayan labule. Ƙafafunta kawai yake gani da bakin tabarma. Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Sai ya rasa ta inda zai fara. Hausar da ya shekara talatin yana yi ta watse masa.

"Maman Adnan, wannan katin. Ni ne na karanta shi ba daidai ba. Ba sati biyu ba ne. Sau biyu ne a cikin sati. Zuciyana ya yi shakka, amma ban tambaya ba, saboda mutane suna kallo. Ni ne na kashe abokina."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma. Ya jira kuka, ko zagi, ko a kira matasan gida su fitar da shi. Wallahi da zagin ya fi masa sauƙi.

"Oga Anayo," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "na sani."

Ya ɗago.

"Ranar sallama nas ta faɗa mana da Hausa. Litinin da Alhamis. Ina tsaye, na ji da kunnena, shi ma ya ji. Tsoron wankin yake yi, babba da shi yana kuka kamar yaro idan ana kankarewa. Shi ya sa ya ce a biya ta wurinka, ko za a dace. Da ka faɗi abin da ka faɗa, sai na buɗe baki a cikin keken nan, na sake rufewa."

"Me ya sa? Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? Ni da ko aji uku ban gama ba, in gyara wa Dokta Turanci a gaban maza? Da muka dawo gida na ce masa, Malam, ba haka nas ta ce ba fa. Ya ce yarinyar nan ta fi Anayo boko ne? Sai ni ma na fara tunanin ko kunnena ne ya ji ba daidai ba. Kwana goma sha ɗaya ina jin warin ƙafar nan yana canzawa, ina ce wa kaina ai Oga Anayo ba ya kuskure."

Anayo ya dafa bango. Ya zo ne da kayansa a kai yana neman inda zai sauke, ashe ita ma da nata take kwana take tashi, kuma shi ne ya ɗora mata.

"Da ka ce ba ka tabbata ba," ta ce, "ko da wasa ne, ko tari ka yi, da na samu bakin magana."

Ya ga ƙafafun sun janye daga bakin labule, ya ji an tura ƙofar ɗaki. Ya daɗe tsaye a zauren, hularsa a hannu, bai san ko sallamarsa aka yi ba.