Magudanar Kwana ta Biyu

Daga barandar Genia Sroka, a hawa na huɗu, kwana ta biyu ta hanyar tsere kawai ake gani. Sauran filin tseren baburan rumfar 'yan kallo ta kare shi. Shekara talatin da ɗaya wannan bai dame ta ba, domin duk Lahadin da ake tsere tana da wurin zamanta a cikin fili, da fensirinta da takardar rubuta maki. Amma a wannan shekarar, sati biyu bayan an binne mijinta Lucjan, ta zame a ƙanƙarar ƙofar coci ta karya ƙugu. Daga asibiti maza huɗu suka hau da ita a kan kujera. Tun daga ranar ƙafarta ba ta sake taka ƙasa ba. Daga gado sai kicin, daga kicin sai baranda.

Lucjan shi ne mai gyaran filin. Shi ke jan tarakta, shi ke zuba ruwa, shi ke baje ƙasa. Baburan nan ba su da birki, ran mahayi yana hannun wanda ya gyara ƙasar. Tun da ya rasu an soke tsere biyu a garinmu. Duka biyun Genia tana kallo daga sama alƙalin wasa ya tako kwana ta biyu, takalminsa ya nutse, ya kaɗa kai ya juya. Hukumar gasa ta aiko da takarda cewa in aka soke na uku za a cire kulob ɗin. Masana'antar bulo da ta kafa shi ta daɗe da rufewa, kuma kowa a garinmu Topolnik ya san in aka cire shi ba mai dawo da shi. Na ukun Lahadin nan ne.

Ranar Alhamis ta ji ana hawowa da ƙyar, ana tsayawa ana tari. Bronek ne, ƙanin Lucjan, wanda ya yi tsere a ƙuruciyarsa har ya bar gwiwa ɗaya a ciki.

"Matar yaya, buɗe mini kafin in mutu a ƙofarki a ce ke kika kashe ni!"

"A buɗe take, tsohon banza. Wa zai hau hawa huɗu ya sace ni?"

Ya shigo ya dire jakar dankali, ya buɗe tukunyar miyar kabeji ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Ba gishiri," in ji shi.

"Ba don kai na dafa ba."

Ya ci rabin kwano kafin ya ce, "Mutumin nan yana son ganinki."

"Wane mutum?"

"Kin san shi mana. Kania."

"Ɗan Rudawice, garin abokan gabarmu."

"Shi kaɗai ya yarda ya karɓi aikin gyaran filin, Genia. Kowa gudu ya yi."

"Shekara ashirin yana gyara musu fili suna kayar da mu. A filinsa ka bar gwiwarka, ko ka manta?"

"Gwiwata ni na bar ta da wautata. Ke dai in yayana ya taɓa faɗa miki wani abu game da kwanar nan, ki faɗa. Ni bai taɓa faɗa mini ba."

"Ina zai faɗa maka? Abin da ka ji da safe, da yamma yana mashaya."

Bronek ya yi dariya, amma bai kai ƙarshenta ba. Ya share kwanon da burodi ya tafi.

Ta sani. Ita kaɗai ta sani a duniya. Ƙarƙashin kwana ta biyu tsohon ramin yumɓu ne na masana'anta, kuma ruwa yana tasowa daga ƙasa, ba daga sama ba. Tun kafin su yi aure Lucjan ya binne bututu daga can ya fitar da shi bayan tsohon ɗakin sayar da tikiti, ya sa masa makunni ƙarƙashin wani faifan siminti da ciyawa ta rufe. Litinin yakan rufe shi, ƙasa ta sha ruwa. Asabar yakan buɗe, ruwan ya janye, ya bar layi ɗaya mai danshi da taya ke kamawa. Yaranmu sun san layin, baƙi ba su sani ba. Da wannan layin muka ci Rudawice shekara tara a jere a gida. Ranar Laraba Lucjan ya faɗi ya rasu a gareji, don haka magudanar tana rufe.

Ranar da ya nuna mata, ta kai masa abincin rana ne. Ya ɗaga faifan da ƙarfe, ya ce, "Kin gani? To ba ki gani ba. Ko Fada a coci kada ki faɗa masa, ƙanwarsa a Rudawice take aure." Ta yi dariya a lokacin. Shi bai yi ba. Sai da ta ɗora hannu a ƙirji ta rantse.

Kania ya zo ranar Juma'a. Gajere ne, mai furfura, ya cire hularsa tun daga ƙofa. Ya ajiye kek ɗin tuffa da matarsa ta gasa, ya zauna a bakin kujera kamar za a kore shi.

"Pani Genia," ya ce, wato Uwargida Genia, "Allah ya ji ƙan maigidan. Mun yi gaba da shi a fili, amma ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba."

"Na gode."

"Na rage ruwa. Na daina zubawa gaba ɗaya. Na kawo tsakuwa mota biyu. Sama ta bushe har tana ƙura, in na soka ƙarfe sai ya fito kamar daga ƙullu. Bai taɓa ce miki komai ba?"

"Lucjan ba ya kawo aiki gida."

Ya dubi bango. Hotunan tarakta ne da na fili tun daga silin har kan rediyo.

"Ni ba zan koma Rudawice ba," ya ce can. "Sun ɗauki wani mai takardar makaranta. In nan ya rufe, na gama."

"Ƙaninka fa? Ba shi ne makanikensu ba?"

"Shi ne."

"Ranar Kirsimeti ba tebur ɗaya kuke zama ba?"

"Haba, Pani. In aka soke jibi, ba sauran abin da za a ɓoye wa kowa."

Ta san gaskiya ya faɗa. Maganar ta zo har bakinta. Sai idonta ya faɗa kan hannunsa a kan teburin Lucjan, da baƙin man inji a ƙarƙashin farce, irin na Lucjan sak, ta haɗiye maganar.

"Ka gaida maiɗakinka. Na gode da kek."

Ya sa hularsa a bakin ƙofa. Ta ƙirga takunsa har ƙasa.

Asabar ta wuni a baranda tana kallonsa. Ya durƙusa, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya watsar. Sau biyu ya wuce ta gefen ɗakin tikiti, sau ɗaya ma ya tsaya ya kunna taba taku uku daga faifan. Genia ta riƙe ƙarfen baranda har ya bar wurin. Kafin rana ta faɗi ta yanke shawara. Bronek yana zuwa duk safiyar Lahadi ƙarfe takwas da burodi da takardar maki. Za ta sa shi ya rantse da kabarin yayansa, ya je shi kaɗai ya buɗe. Lucjan ya sha cewa awa huɗu ta isa in an matsu. Tseren sai ƙarfe biyu. Bronek jini ɗaya ne da Lucjan, maganar ba ta fita daga gida ba ke nan. Da wannan ta ci abinci a karon farko tun Alhamis.

Lahadi ƙarfe takwas ba Bronek. Takwas da rabi ta ɗora ruwan shayi a karo na biyu. Ƙarfe tara ta fita baranda, sai ga shi can ƙasa a kwana ta biyu, yana ɗingishi da shebur. Ba shi kaɗai ba. Kusan duk mazan gininsu suna can, da mata da dama, wasu da manjagara, wasu da baro cike da yashi. Shugaban kulob ya bi gida gida da asuba ya tara mutane, amma ba wanda ya ga dalilin hawa huɗu don gurguwa.

"Bronek!" ta ƙwala. "Bronek! Kurman banza!"

Tarakta na ruri, ga titi a tsakani. Ta ɗauko tawul ta kaɗa. Wata mata ta ɗago kai, ta ɗaga mata hannu da fara'a, ta koma kan aikinta.

Ta buga waya ofishin kulob. Ta bar ta tana ƙara har ta gaji, ta sake. Ta buga sau shida. Ta ja sandunanta ta fita ta bubbuga ƙofar maƙwabta. Shiru. Waɗanda ba su fili suna coci, kuma daga coci fili za su wuce, haka ake yi. Ta koma baranda, ta koma waya. Sha ɗaya ta wuce. Yanzu ko Kania ne ya ɗauka za ta faɗa masa. Ko shugaban Rudawice ne da kansa.

Sha ɗaya da rabi ta sa rigar sanyi a kan kayan gida ta tsaya a bakin matakala. Likita ya ce ba za ta taka matakala ba sai lokacin kaka. Ta jefa sandunan ƙasa, ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Ƙafa mai ciwo ta fara, mai lafiya ta biyo. Kowane taki sai ta ji kamar ana murɗa ƙusa a ƙugunta. Hawa na uku ta huta, ta jingina da ƙofar mutane, zufa na bin bayanta. Daga nan ta zauna ta riƙa jan jiki da mazaunai, taki ɗaya ɗaya, kamar yarinya. Ta wuce hawa na biyu. A tsakiyar matakala ta gaba ƙafar ta karkace ƙarƙashinta, wani abu ya yi ƙas, ta yi ƙara ita kaɗai.

Ta gwada tashi. Ta gwada jan jiki ƙasa. Ta gwada komawa sama. Ƙafar ta ƙi ko ɗaya.

Wurin ba taga sai wani ɗan gilashi can sama da ba ya buɗuwa. Simintin da sanyi. Tana jin komai ba ta ganin komai: motoci na tsayawa, masu tsiran nama na kira, ganga, lasifika na gwada murya. Ta kira sunan kowa da ke ginin, hawa hawa, har muryarta ta dushe. Sannan ta faɗi maganar da ƙarfi, ga bango. "Bayan ɗakin tikiti! Ƙarƙashin faifan siminti! A juya hagu!" Ta faɗa sau uku. Karon farko ke nan da maganar ta fito daga bakinta.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka tada babura a gareji don su yi zafi. Ƙarar ta shigo ta bango ta ratsa haƙoranta, ta fara sa rai. Wataƙila yashin ya yi aiki. Wataƙila wannan alƙalin mai sauƙi ne. Sai baburan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Lasifika ta yi magana, ba ta ji kalmomin ba, amma ta ji feɗuwar fushin mutum dubu shida ta tashi lokaci guda.

Ba a sake tada babur ba.

Bronek ne ya fara shigowa, laka har gwiwa, shebur a hannu. Bayansa maƙwabta biyu. Ya ɗaga kai ya gan ta, shebur ɗin ya faɗi.

"Genia! Me kike yi a nan? Kin haukace ne?"

"An soke?"

"An soke."

"Kwana ta biyu?"

"Ina kuma? Mun zuba yashi har hannuna ya sale. Kania yana can zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro." Ya durƙusa da ƙyar a gabanta. "Ina za ki ne haka, da silifas?"

Ta dubi fuskarsa. Hancin Lucjan ne da shi, da kunnuwan.

"Burodi," ta ce. "Ba ka kawo mini burodi ba."

"Don burodi? Matar yaya, don burodi kika so kashe kanki?"

Ɗaya maƙwabcin ya shiga gidansa ya fito da kujera. Suka ɗaga ta, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba. Suka tsaya da ita a tsakiyar matakala suna haki.

"Pani Genia, ƙasa za mu yi mu nemi mota zuwa asibiti, ko sama?"

A waje mutane na wucewa ta bakin ginin, da yawa, ba mai magana.

"Sama," ta ce.